Baba Maraba da Bokitin Kwaɗi

Babana bai taɓa hawa jirgin sama ba, amma duk jami'ar da ya yi wa aiki babu wanda ya kai shi sanin filin jirgi. Shi ne direban da ke kai malamai in za su taro ƙasar waje, shi ne kuma mai ɗauko baƙin jami'a in sun sauka. Tun kafin a haife ni yake wannan aiki da wata doguwar farar mota, wadda yake gogewa fiye da yadda yake goge fuskarsa. Sunansa na yanka ya ɓace tuntuni. Kowa Baba Maraba yake ce masa, don da kalmar nan yake tarar kowane baƙo, ko baƙon yana jin yarenmu ko ba ya ji.

Aikin yana da ƙa'idoji, kuma duk shi ya ƙirƙiro abinsa. Kwalin da ake rubuta sunan baƙo a kai ba a ɗaga shi sama da kai, wai wannan rawar jiki ce. Ba a kuma sauke shi ƙasa da ƙirji, wai wannan raini ne. Daga kayan mutum yake gane fanninsa: masu lissafi 'yar jaka ɗaya, masu tarihi akwatin da ya fi su nauyi, likitoci kuwa waya a kunne tun daga bakin ƙofa. A gida sai ya zauna yana ba mu labarin ƙasashe kamar a can aka yanke masa cibiya.

"In za ki je can, ki tafi da safa mai kauri," zai ce min. "Sanyinsu ta ƙafa yake shiga."

"Ji mutum," Mama za ta ce daga kicin. "Kai da ko matakalar jirgi ba ka taɓa takawa ba."

Cikin baƙinsa duka akwai wanda ya fi so, wani dogon siririn mutum da muke kira Farfesa Kwaɗo. Duk damina sai ya zo, takalman roba rataye a wuyansa. Tare suke aiki da wani malamin jami'armu, gajere mai tumbi, wanda kowa ke kira Dakta. Abin da ya haɗa su shi ne wata cutar fata da ke kashe kwaɗin ƙasar Farfesa, amma namu ko a jikinsu, su kuwa suna so su gano dalili. Farfesa yana shiga motar Baba yake yin barci, tun kafin a fita daga harabar filin jirgi, Baba kuwa ya ɗauki wannan a matsayin babbar shaidar iya tuƙi da aka taɓa ba shi. Kalmomin da baƙon ya iya a yarenmu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Wannan bai hana Baba kwashe duk labarin gidanmu ya faɗa masa a hanya ba, har da ciwon gwiwar Mama da faɗuwata a jarrabawar lissafi.

"Shi kaɗai ne mutumin da bai taɓa katse min magana ba," in ji Baba.

Ina ajin ƙarshe a sakandare aka sa mana takunkumi. Har yau ban san wa ya fara taka wa wani ƙafa ba. Manya dai sun yi faɗa, ƙasarsu Farfesa ta hana ciniki da mu, tamu ma ta tashi ta rama don kada a ce ba ta da zuciya. Mun ɗauka magana ce ta bankuna da injuna. Ashe har jami'o'i ta shafa. Jami'ar Farfesa ta aiko cewa duk ma'aikacinta ya tattara ya koma gida cikin makon.

A shekarar kuwa Farfesa ya zo da kwaɗi daga ƙasarsu, 'yan ƙanana masu rawayan ciki, don a gwada su da namu. Ya zuba su a bokiti mai murfi zai koma da su, masu jirgi suka ce sam, dabba kaya ce, kaya kuma ba ya tsallakawa. Ya yi bayani, ya nuna takardu, ya nuna kwaɗin da kansu, ba wanda ya saurare shi. Ana ta kiran fasinjoji. Sai ya juyo ya ga Baba tsaye a inda ya saba tsayawa, ya miƙa masa bokitin da hannu biyu.

"Riƙe," ya ce. Ya nuna kansa, ya nuna ƙofar da baƙi ke fitowa. "Dawo."

Baba ya ce to. Da a ce ya san abin da wannan "to" ɗin zai jawo mana, ina jin da ma haka zai ce, don shi mutum ne da in ka ba shi ajiyar allura zai saya mata akwati.

Ya kai bokitin ɗakin binciken Dakta. Dakta ya yi murna, amma kafin ya gama murnar Magatakardan jami'a ya ji labari, ya kira kwamiti. Aka zaunar da Baba a ƙarshen dogon tebur da bokiti a cinya, tunda a kan abin da ke cikinsa ake zaman. Wani ya ce a mayar da su, aka ce wannan fitar da kaya ne, an hana. Wani ya ce a bar su a ɗakin bincike, aka ce wannan haɗin gwiwa ne da jami'ar waje, shi ma an hana. Wata ta ce a sake su a tafkin bayan ɗakin karatu, aka ce wannan shigo da kaya ne. Wani da yunwa ta fara damu ya ce to a kashe su mana a huta, Magatakarda ya ce lalata dukiyar wata ƙasa a irin wannan lokaci ba ƙaramar magana ba ce. Ana cikin haka ɗaya daga cikin kwaɗin ya yi kuka, sakatare ya tambaya ko ya rubuta.

A ƙarshe Magatakarda ya cire tabarau ya dubi Baba.

"Baba Maraba, wai wa aka miƙa wa bokitin nan ne?"

"Ni, ranka ya daɗe."

"A hannunka?"

"A hannuna."

"To ai ba jami'a aka ba. Mu ba mu san da wasu kwaɗi ba."

Kowa ya ji daɗin wannan hukunci, aka tashi cin abinci.

Gidanmu ɗaki biyu ne da falo, banɗaki ɗaya. A banɗakin Baba ya sauke baƙinsa, don nan ne ya fi sanyi. Ya sayo musu babban baho, ya jera duwatsu a ciki, ya rufe da ragar sauro. Ruwan famfo ba ya yi musu, sai an tafasa an bar shi ya huce. Abinci kuwa, an ba su kyankyaso sun kau da kai, an ba su ƙuda sun yi kamar ba su gani ba. Gyare kaɗai suke ci, shi ma sai mai rai. Haka aka dinga ganin babana, dattijo da kakin aikinsa a goge, yana rarrafe a ciyawar gaban ofishin shugaban jami'a da gwangwani a hannu.

Mama ta yi faɗa har muryarta ta dushe.

"Shekara nawa ina wanka ni kaɗai, yanzu sai da 'yan kallo?"

"Baƙi ne, ki yi haƙuri. Ki dinga ƙwanƙwasa ƙofa kafin ki shiga, kada su firgita."

"Ni zan ƙwanƙwasa wa kwaɗo ƙofa? A gidana?"

Ta ƙwanƙwasa ɗin kuwa. Da ƙafa take yi, da ƙarfi, don su san ba da son ranta ba ne.

A jami'a abubuwa suka tsaya cak. Malami zai samu gayyata, ya je sayen tikiti katin banki ya ƙi. In tikiti ya samu, biza ta ƙi. In ya haƙura ya ce zai shiga taron ta kwamfuta, sai allo ya nuna masa cewa daga inda yake ba a shiga. Mujallun bincike suka daina zuwa, wani injin awo ya lalace aka rasa ɗan ƙarfen da za a sa masa, aka rufe shi da zane, masu shara suka mai da shi wurin ajiye tsintsiya. Dakta ya riga ya sayi wata ƙatuwar rigar sanyi saboda taron da zai je wurin Farfesa. Da tafiyar ta fasa sai ya dinga sa ta a ofis, yana ƙure na'urar sanyaya ɗaki, gumi na zuba yana cewa shi dai sai ya ci amfaninta.

Motar Baba ta zauna ba aiki. Kullum da safe zai je ya tashe ta, ya goge ta, ya zauna a ciki. Da abin ya ishi malamai, sai wasu suka fara zuwa a asirce suna roƙonsa ya ɗan kai su filin jirgi. Su shiga da akwatinsu, ba komai a ciki, ya kai su, su sha shayi suna kallon jiragen wasu mutane suna tashi, can ya ɗaga kwali da sunansu daidai ƙirji, su zo ya ce musu maraba, ya karɓi akwati ya tambaye su ya hanya. Wani farfesan falsafa har cewa yake yi tafiyar ta gajiyar da shi.

Dakta kuma gidanmu ya mayar wurin zuwa. Ba shi da izinin binciken kwaɗin, don haka ba ya zuwa da biro ko takarda. Zai ɗauki 'yar kujera ya shiga banɗaki ya zauna gaban baho, ya yi tagumi yana kallonsu.

"Ba bincike nake ba, Mama," yakan ce. "Gaisuwa na zo."

"To ka gaishe su da sauri, akwai masu uzuri a layi."

Daga shi har Farfesa ba mai jin ɗuriyar wani. Saƙon da aka tura ta adireshin jami'a dawowa yake yi, shi ma can an gargaɗe shi kada ya kuskura. Aikin da suka fara tun suna da baƙin gashi ya rabu gida biyu, rabi a can, rabi a banɗakinmu kusa da bokitin wanki.

Shekaru suka yi ta tafiya, kwaɗin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba don rashin kula ba, sai don kwaɗo ma yana tsufa. Duk wanda ya mutu Baba zai naɗe shi a hankici ya binne a bayan gida, ranar ba ya cin abinci. Mu muna dariya a ɓoye, amma ni na san abin da ke cin sa. Tsoro yake ji ranar da dogon mutumin nan zai fito ta ƙofar baƙi, shi kuma ya tare shi da bokiti ba komai a ciki. Ya taɓa faɗa min haka da bakinsa, yana wanke duwatsun baho, bai ɗago ya dube ni ba.

Ya yi ritaya, aka sayar da farar motar, na yi aure, kwaɗo ya rage saura ɗaya. Mama ta sa masa suna Shugaban Sashe, don ba ya komai sai zama a kan dutse yana kumbura wuya.

Sai aka kwantar da Baba a asibiti za a yi masa aikin ido. Kafin ya tafi ya tsayar da Mama ya yi mata bitar tafasa ruwa da kamun gyare kamar yau ta fara gani. Kwana biyu da tafiyarsa na je gidan da hantsi, bayan an ɗauke ruwan sama, na tarar ba kowa. Maƙwabciya ta ce ta ga Mama ta yi bayan garejin makanikai. Can na same ta, ta tattare zane zuwa gwiwar nan mai ciwo, tana tsaye tsakiyar kwata da matankaɗi a hannu, makanikai sun ajiye aiki suna ba ta shawara.

"Mama, lafiya?"

"Shugaban Sashe ya mutu," ta ce. Idonta ya yi ja, matar da ta shekara da shekaru tana yi wa kwaɗin nan fatan tsiya. "In uban naki ya dawo ya tarar da baho ba kowa, shi ma binsa zai yi. Tsaya ta can ki tare min."

Ta kamo wani mai kama da shi ta baya. Matsalar cikin ne, na wannan fari ne fat. Ta kwaɓa kurkum ta shafa masa, ya faɗa ruwa ya wanke, ta sake shafawa, ya sake wankewa, ruwan baho ya koma rawaya shi yana nan da farin cikinsa. Ta gaji ta ce ai kwaɗo ba ya kwanciya rigingine, wa zai leƙa.

Da Baba ya dawo, bai ko zauna ba ya wuce banɗaki. Ya daɗe a ciki. Ni da Mama muna falo, ba mai kallon wani. Can ya fito yana goge hannu.

"Ya yi ƙiba," ya ce.

"Kulawa ce," in ji Mama.

Sabon Shugaban Sashe ba shi da ladabin na da ko kaɗan. Kyankyaso yake ci, ƙuda yake ci, ya taɓa gwada haɗiye murfin man goge baki. Kukansa har gidan maƙwabta, kuma sau da yawa a cikin takalmin Baba ake tsintarsa. Baba ya ce ba komai, zama ne ya yi zama, ya saba da ƙasa. Ya ci gaba da tafasa masa ruwa.

Ana nan wata rana Dakta, wanda shi ma ya yi ritaya, ya faɗo gidan yana haki. Wata tsohuwar ɗalibarsa da ke aure a wata ƙasa ta uku ce ta kira shi. Farfesa zai je taro wani wuri, ya zaɓi jirgin da zai ɗan yada zango a filin jirginmu ya ɗebi fasinja. Ba shi da izinin fitowa, mu ma ba mu da izinin shiga. Baba ya ce akwai wani lungu kusa da ofishin kayan da suka ɓace, inda gilashi ne kawai tsakanin masu jiran canjin jirgi da mutanen waje. A faɗa wa ɗalibar ta faɗa masa.

Hankalin Mama ya tashi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon cikin kwaɗi, shi za a kai wa ɗan kwata? Ta ce a bar Shugaban Sashe a gida, zafi zai dame shi a mota. Baba ya ce zai buɗe taga. Ta ce iska za ta dame shi. Baba ya ce zai rufe. Da ta ga ba mafita sai ta ce to da ita za a je, wai gara ta ga abin da idonta.

Baba ya ciro tsohon kwalinsa daga saman kwaba, ya sa kakin da ya yi masa yawa yanzu, ya karɓi makullin motar mijina ya ce ba wanda zai tuƙa shi zuwa filin jirgi. Muka ɗunguma har da Dakta. A bakin ƙofa wani tsohon mai gadi ya gane shi.

"Baba Maraba, kana duniya? Me ke cikin bokiti?"

"Fasinja ne."

Mai gadin ya ɗaga murfi, ya kalla, ya mayar, ya ce mu wuce, shi bai ga komai ba.

Mun ɗan jira a lungun kafin Farfesa ya ɓullo. Ya ranƙwafa, gashin ya tafi, sanda a hannu maimakon takalman roba a wuya. Baba ya miƙe ƙyam, kwali daidai ƙirji, bakinsa ya ce maraba duk da gilashin ba ya wuce da murya. Dakta ya manna tafinsa a gilashi, Farfesa ya manna nasa. Sai Dakta ya shiga ba shi labarin binciken shekaru da hannu da ka, yana kumbura kumatu, yana sosa fatar hannu, har da ɗan tsalle. Farfesa yana gyaɗa kai yana mayar masa da nasa. Wata mai shara ta tsaya ta jingina da tsintsiyarta tana kallon tsofaffi biyu suna tsallen kwaɗo.

Sannan Baba ya ajiye kwali, ya buɗe bokiti, ya ɗauko Shugaban Sashe da hannu biyu ya kai shi jikin gilashi. Kuma ta ciki ya manna shi, farin nan fat yana kallon Farfesa. Na ji Mama ta ja numfashi.

Farfesa ya sa tabarau ya sunkuyo. Kallo ɗaya ya yi, na ga girarsa ta ɗaga. Ya dubi Baba. Ya dubi Mama, ita kuwa ta duƙufa nazarin silin kamar an aiko ta gyaransa. Ya sake duban kwaɗon, gefen bakinsa ya motsa. Sai ya cire hula, ya ɗora hannu a ƙirji, ya rusuna wa kwaɗon kwata, ya sake rusuna wa Baba, ya fi na farko ƙasa, har sandar tana neman kuɓuce masa. Na karanta "na gode" a leɓensa. Da ma'aikaciyar jirgi ta zo ta taɓa kafaɗarsa, ya nuna bokitin, ya dunƙule hannu biyu kamar mai riƙe abu. Yana tafiya ya waiwayo ya ɗan kashe wa Mama ido.

Muka shiga mota muka fita daga harabar filin jirgi. Dakta yana gaba yana share hanci, ni da Mama muna baya, bokiti a cinyarta. Baba yana tuƙi a hankali, irin tuƙin da yake yi in baƙo ya yi barci.

"Mutumin nan ya tsufa," ya ce can. "Idonsa ya tafi, abin tausayi."

"Me ka gani?" in ji Mama.

"Kwaɗon bayan garejin makanikai aka nuna masa, ya cire masa hula."

Saura kaɗan bokitin ya kife. Dakta ya juyo baki buɗe, shi da ya sha zuwa gaisuwa bai taɓa lura ba, ko kuma ya lura ya yi shiru, ban sani ba.

"Tun yaushe ka sani?" Mama ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Tun ranar da na dawo. Aikin ido fa aka yi min. Ga banɗaki sai warin kurkum yake."

"Shi ne ka bar ni ina ta fargaba? Me ya hana ka magana?"

"Ke da kika shiga kwata da wannan gwiwar saboda ni?" Ya rage gudu saboda wani rami. "Kuma in na yi magana, me zan riƙe?"

Na buɗe baki zan ce masa idon Farfesa lafiyarsa ƙalau, Mama ta mintsine ni a cinya, na rufe. Shugaban Sashe ya yi wani ƙaton kuka daga cikin bokiti.

Baba ya dubi Mama ta madubi.

"Riƙe shi da kyau, kada ya girgiza. Bai karɓa ba tukuna."

Ta gyara murfin, ta rungume bokitin da hannu biyu har muka isa gida.